Furen da Ba a Nuna wa Baƙo: Tafiya Daga Alaka'i Zuwa Kamakou

Wanda ya sauka a Honolulu, babban birnin tsibiran Hawai, ba zai yi taku goma ba sai ya ci karo da furen okid. Ana zura shi a zare a rataya wa baƙo a wuya, ana ɗora shi a gefen farantin abinci a otal, ana jera shi a tukwane a ƙofar shaguna. To amma mafi yawan wannan mai launin shunayya da ake ratayawa, daga gonakin ƙasar Tailan ake shigo da shi. Waɗanda kuma ke tsirowa da kansu a bakin titi, irin su Spathoglottis plicata da Arundina graminifolia, daga Asiya aka kawo su don ƙawata lambu, suka tsallake shinge suka bazu. Dangin okid a duniya sun haura iri 25,000, amma na asalin Hawai uku ne tak. Tsibiran suna tsakiyar Tekun Fasifik, kusan kilomita 3,800 daga Kalifoniya, ba kowane iri ne ya iya ƙetare wannan ruwa ya kuma samu wurin zama ba.

Cikin ukun nan, wanda ya kawo ni shi ne Platanthera holochila. A ƙasa yake tsirowa, cikin laka da gansakuka a fadamun kan duwatsu, ba a jikin bishiya ba kamar yawancin 'yan'uwansa na ƙasashe masu zafi. Wani likita Bajamushe, Wilhelm Hillebrand, shi ya fara siffanta shi a littafinsa na tsirran Hawai da ya fito a 1888. Gwamnatin Amurka ta saka shi cikin jerin tsirran da ke gab da ƙarewa a 1996. A wajajen 2011, duk tushen da aka sani a daji bai kai 50 ba: mafi yawansu a tsibirin Moloka'i, kaɗan a Mawi, ƙwaya ɗaya jal a Kawa'i. A Owahu, inda Honolulu take, rabon da a gan shi tun shekarun 1930.

Daga Kawa'i na fara. Mota za ta ɗauke ka daga Lihu'e ta bi gaɓar teku yamma har garin Waimeya, inda Kyaftin Cook ya sauka a 1778, sannan ta juya ta kama hawa ta gefen babban kwazazzabon Waimeya mai jar ƙasa. Kafin ka isa gandun Koke'e ka hau sama da mita 1,000, zafin bakin teku ya tafi, sai ka nemi rigar sanyi. Ƙarshen kwalta shi ne tudun Pu'u o Kila, ko da yake wani lokaci ana rufe ɓangaren ƙarshe na titin, sai a ajiye mota a baya a ƙarasa da ƙafa. Daga nan hanyar Pihea ta bi bakin kwarin Kalalau, ta haɗu da hanyar fadamar Alaka'i, ta ƙare a Kilohana. Zuwa da dawowa kusan kilomita 13 ne. A fita da sassafe, domin hazo yakan rufe ko'ina tun kafin azahar.

Aikin farko tun ba a taka dajin ba shi ne wanke takalmi. Ba tsabtar ganin ido ba ce. A kankare lakar da ke cikin tsagogin ƙasan takalmi da buroshi mai tauri har ta fita tas, sannan a fesa sifirit mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari. Idan aka fesa a kan laka an yi aikin banza, sifirit ba ya ratsa ta. Dalili biyu ne: irin baƙin ciyayi da ke maƙalewa a laka, da kuma cutar da ke kashe bishiyar ohi'a cikin makonni, wadda aka gano ta iso Kawa'i a 2018. Ohi'a kuwa ita ce rufin dajin baki ɗaya, in ta tafi, inuwa da laimar da okid yake buƙata sun tafi.

Kashin farko na hanyar jar laka ce mai santsi da saiwoyi a kwance, sai an haɗa da hannu a wasu wurare. Bayan haka sai gadar katako ta fara, faɗinta bai wuce na allo biyu ba, an shimfiɗa ragar waya a kai don kada ƙafa ta zame. Jifa-jifa za ka ga tsofaffin turakun wayar tarho da sojoji suka kafa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wasu a tsaye wasu sun kwanta. Can gaba dajin ya buɗe. Ohi'ar da ta fi mutum tsawo sau biyar a baya, a nan ba ta wuce gwiwa ba, ga ta kuma da jan furenta cikakke. Ƙasar ce ta hana ta girma: ruwa ba ya tsanewa, laka ta yi tsami, iska ba ta shiga wurin saiwa. Dutsen Wai'ale'ale da ke gabas da nan yana samun ruwan sama sama da milimita 11,000 a shekara, kuma fadamar tana zaune ne a kan daskararren dutse da yumɓu da ba sa barin ruwa ya nutse. Na durƙusa a kan katakon na leƙa, sai ga mikinalo, wani ɗan tsiro jajaja da bai kai ɗan yatsa ba, ganyensa cike da gashi, kowane gashi da ɗigon danƙo a kai, ƙananan ƙwari a maƙale. Ƙasar ba ta da abinci, shi ya sa ya koma cin ƙwari.

A irin wannan wuri okid ɗin yake, amma ba a bakin hanya ba, kuma babu ma'aikacin da zai gaya maka inda yake. Ni dai ina ganin sun yi daidai. Tsiro ne da ba ya ɗaukar ido: kara ɗaya mai tsawon santimita 15 zuwa 60, ganyaye koraye masu haske suna rungume da karan, furanni ƙanana masu launin kore da ratsin rawaya a jere a sama. Bayan ya zubar da iri sai na sama ya bushe ya ɓace, ya bar kumburarriyar saiwa a ƙarƙashin gansakuka tana jiran wata shekara. Ma'ana, watanni da dama mutum zai iya tsayawa a kansa da takalmi bai sani ba. Mai kyamara ɗaya da ya sauka daga katako don neman kusurwa mai kyau ya isa ya murƙushe shi. Sawun ƙafa a wannan laka yana daɗewa bai cike ba, ruwa ya taru a ciki, baƙuwar ciyawa ta samu wurin kamawa.

Babban abokin gabarsa alade ne. Mutanen Folinisiya da suka fara zama a tsibiran sun zo da ƙananan aladu na gida. Turawa suka kawo manya, aka haɗu, suka fantsama daji. Alade yana tonon ƙasa da hanci yana neman tana da saiwa, dare ɗaya zai juye fili kamar an yi kaftu. Yana kayar da bishiyar hapu'u ya cinye ɓargonta mai sitaci, ya bar kwarmi, ruwa ya taru sauro ya hayayyafa, sauron kuma ya kai wa tsuntsayen dajin zazzaɓin cizon sauro irin nasu. Yana cin 'ya'yan wata gwaiba ja da aka kawo daga Barazil, ya zubar da irin a ko'ina tare da taki.

Maganinsa shinge, kuma shingen yana da ƙa'ida. Ragar waya ce mai kauri, tsayinta kusan mita 1.2, idonta ƙanana daga ƙasa don kada 'ya'yan aladu su kutsa. Ana kafa turakun ƙarfe kowane mita 2 zuwa 3. Abin da ya fi tsayin muhimmanci shi ne gindin: ana shimfiɗa wata ragar a kwance a ƙasa ta waje, a ɗaure ta da shingen, a kafe ta da ƙugiyoyi, domin alade ba tsallakewa yake yi ba, tona ƙarƙashi yake yi. Inda akwai barewa, wadda aka kawo Kawa'i daga Oregon a 1961, sai an ɗaga shingen ya kai mita 2.4. Ba a sa waya mai ƙaya a sama, saboda tana kama jemagen Hawai, shi ma yana cikin jerin masu ƙarewa. Kayan aikin duka jirgi mai saukar ungulu ne ke kai su, babu hanyar mota.

Inda shinge ke lalacewa sanannu ne. Mashigar rafi, inda ambaliya ke tara itace a jikin raga har ta yage. Bishiyar da iska ta kayar a kai. Tsatsa, wadda ke cin waya da sauri a ƙasa mai tsami. Saboda haka dole a bi layin da ƙafa a kai a kai, da kuma bayan kowace guguwa. Shingen da ya huje aka bar shi ya fi rashin shinge muni, domin aladen da ya shiga ba ya samun hanyar fita, nan zai zauna ya yi ta tono. Guguwar Iniki da ta afka wa Kawa'i ranar 11 ga Satumba 1992 ta kakkarya dajin nan, ta buɗe wa rana da baƙin ciyayi ƙofa, kuma kowa ya san irinta za ta sake zuwa.

Akwai kuma rigimar mutane. Farautar alade al'ada ce mai ƙarfi a ƙauyukan Hawai, abinci ce ga gidaje da yawa, kuma mafarauta ba sa son ganin an killace daji an kawar da naman da ke ciki. Shingen da aka kafa ba da shawararsu ba yana iya wayar gari a yanke. Wanda ya ɗore shi ne wanda aka bar masu ƙofofi da matakalan tsallakawa, aka kuma sa su cikin aikin fitar da aladun.

Bayan alade sai ciyayi. A Koke'e wata citta ta ado daga tsaunukan Himalaya, mai furanni rawaya masu ƙamshi, ta mamaye ƙarƙashin daji. Saiwarta na saƙa tabarma mai kauri da ba abin da ke ɓullowa ta cikinta. Sara kaɗai ba ya kashe ta. Sai an yanke karan a gindi an ɗiga maganin ciyawa a kan yankan nan take, sannan a dawo ana cire 'ya'yan da ke tsirowa shekara da shekaru. Sai kuma katantanwa marar ƙwanso. Hawai ba ta da irinta ta asali, duk baƙi ne, don haka tsirran wurin ba su da wata kariya daga gare ta. Da dare take fitowa ta cinye sabon toho. Akwai ƙwayar magani mai sinadarin ƙarfe da ake barbaɗawa, amma ba a zuba ta sai an bincika an tabbatar babu katantanwar bishiya ta asali a wurin, domin ita ma za ta ci.

Duk wannan tsaron abin da ya rage ne. Ƙara yawansa shi ne mai wuya, kuma a nan labarin ya bar fadama ya shiga ɗakin gwaji. Ƙwayar gero tana zuwa da guzurinta, da ta sha ruwa sai ta tsira da abin da ke cikinta. Irin okid ba shi da guzuri. Ƙura ce, dubbai a cikin kwanso ɗaya, kowace ɗan tayi ne a cikin siririyar fata. Ba zai tsira ba sai wata fumfunar ƙasa ta musamman ta shiga cikinsa, ta nannaɗe a cikin ƙwayoyin jikinsa, shi kuma ya riƙa narkar da ita yana ci. Da haka yake kumbura ya zama ɗan farin dunƙule a ƙarƙashin ƙasa, daga baya ya fitar da ganye. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, ya gano wannan a 1899. A 1922 kuma Lewis Knudson a Amurka ya nuna ana iya tsirar da wasu okid ba fumfuna, in aka ba su sukari da gishirin ma'adinai a cikin kwalba mai tsabta.

Steve Perlman na Lambun Tsirran Ƙasashe Masu Zafi na Ƙasa, wanda hedikwatarsa ke kwarin Lawa'i a kudancin Kawa'i, shi ne ya yi ta shiga fadamun nan yana tattara iri. An san shi da sauka da igiya a jikin duwatsu don yi wa tsirran da ƙwarinsu suka ɓace barbara da hannu. A farkon shekarun 2000 ya fara aika irin ga Lawrence Zettler na Illinois College, masanin fumfunar okid. Zettler da ɗalibansa suka ciro fumfuna daga saiwar okid ɗin na Hawai, suka haɗa da iri, abin bai kai ga tsiro mai ganye ba. Da suka gwada wata fumfuna da aka samo daga wani okid na Fulorida, Spiranthes brevilabris, sai iri ya tsira. An samu mafita ke nan a ido. Sai dai dasa waɗannan tsirrai a Alaka'i yana nufin sakin fumfunar Fulorida a ƙasar Hawai, kuma fumfunar da ta shiga ƙasa ba mai iya kwashe ta. A wurin da alade, citta, sauro da katantanwa duk ta hannun mutum suka shigo, suka ƙi yarda su ƙara wani baƙo. Sun wallafa sakamakon a 2005, suka koma hanyar Knudson mai tsawo.

Ga yadda irin wannan aiki yake tafiya. Ana tsinke kwanson iri ya nuna amma bai fashe ba; in aka yi gaggawa ɗan tayin bai cika ba, in aka makara iska ta kwashe. A busar da irin a kan sinadarin tsotse laima, a ajiye a sanyi. Ranar shuka a wanke shi na minti ɗaya a haɗin mililita 5 na tsantsar sifirit, 5 na ruwan bilic, 90 na tataccen ruwa, a ɗauraye sau biyu. In wankin ya yi kaɗan, ƙwayoyin cuta za su rufe farantin cikin kwanaki, don sukarin ya fi yi masu daɗi. In ya yi yawa, ɗan tayin ya mutu. Abincin shukar ana daskarar da shi da agar, wanda ake samu daga ciyawar teku, a dafa a tukunyar tururi a digiri 121 na minti 15 zuwa 20. Idan da fumfuna za a shuka, abincin mai sauƙi ne: giram 2.5 na hatsin ots da giram 7 na agar a litar ruwa, fumfuna ta ci ots, iri ya ci fumfuna. Idan babu ita, sai haɗi mai sukari da ma'adinai. Wanda ya karɓi wannan okid shi ne wani da ake kira P723. A liƙe bakin farantin, a naɗe shi da takardar alminiyom, a bar shi a duhu da sanyi watanni masu yawa. Tsiron kan tsauni ne, da sanyi ya saba. Sai toho ya ɓullo ake fito da shi haske, ana kuma sauya masa sabon abinci lokaci lokaci.

Asara mafi yawa a fitowa daga kwalba take. Ganyen da ya girma cikin laima cikakkiya bai saba riƙe ruwa ba, awa kaɗan a iskar waje ya yanƙwane. Sai a wanke agar ɗin da ke jikin saiwa sarai, a dasa a jiƙaƙƙiyar gansakuka, a rufe da murfi mai haske, a riƙa ɗaga murfin kaɗan kaɗan cikin makonni. Kusan shekara uku aka ɗauka daga shuka zuwa tsiron da zai iya tafiya. A watan Maris na 2011 Zettler da ɗalibansa suka hau jirgi da tsirrai 85 suka kawo Hawai. Aka dasa wasu a cikin shinge a daji, wasu aka bar su a gidajen renon tsirrai na kan tudu, irin na Olinda a Mawi, inda sanyin ya yi kusa da na fadama. Masu kula da su a daji su ne ma'aikatan shirin hana ƙarewar tsirrai na Hawai, wanda aikinsa ya taƙaita ga nau'in da bai kai tushe 50 ba.

Daga Kawa'i sai an koma Honolulu kafin a kama ƙaramin jirgi zuwa Moloka'i, tafiyar kusan rabin awa. Gandun Kamakou, mai eka 2,774, ƙungiyar The Nature Conservancy ke kula da shi tun 1982. Hanyarsa ta ƙasa ce, sai mota mai jan ƙafa huɗu, kuma in an yi ruwa gara a haƙura, jar lakar ba ta da tausayi. A kan hanya akwai wani rami mai siffar cikin jirgin ruwa da aka haƙa a farkon ƙarni na 19: a nan ake auna itacen sandal, in ramin ya cika an samu lodin jirgi ɗaya zuwa Sin, talakawa su sauko da shi a baya. Daga mahangar Waikolu ake ci gaba har gadar katako ta Pepe'opae. Ta fi ta Alaka'i ƙunci, allo ɗaya ne a wurare da yawa, in kun haɗu da wani sai an riƙe juna an goga. Barewar nan daban take, mai ɗige-ɗige ce daga Indiya, an kawo ta kyauta ga Sarki Kamehameha na Biyar a shekarun 1860, yanzu ta yi yawan da ba a iya kirga ta da ido.

Dajin Kamakou ya fi duk inda na bi cika. Gansakuka ta lulluɓe kowane reshe har ba a ganin ɓawo, matse ta ka yi ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, mai sanyi, launin shayi. Mai sa'a da ido zai iya ganin ɗaya daga sauran okid biyu na asali, Anoectochilus sandvicensis mai rarrafe a inuwa ko Liparis hawaiensis mai ganye biyu, don sun fi wancan yawa.

Matsalar da shekara ukun nan a kwalba ba ta warware ba ita ce haihuwa. Tsiron da aka rena da sukari zai iya rayuwa a daji, ya yi fure, ya zubar da iri, amma irin ba zai tsira ba sai fumfunar da ta dace tana nan a ƙasar. Neman ta ana yinsa da tarko. Ana yanka kyallen raga mai ido ƙanana ƙwarai, wajen maikuron 50, wanda zaren fumfuna zai iya shiga amma iri ba zai fita ba. A zuba iri kaɗan a ciki, a ninke, a maƙale a cikin ɗan firam na roba irin na tsohon hoton majigi, a ɗaura zare mai launi, a cusa a tsaye cikin gansakuka kusa da uwar tsiron, a tazara daban-daban. Bayan watanni a ciro a buɗe a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Yawanci irin yana nan yadda aka sa shi, ko ya ruɓe. In aka samu ko da ɗan farin dunƙule ɗaya, to daga cikinsa ake ciro fumfunar a rena ta, domin wadda ke zaune a saiwar babban tsiro ba lallai ba ne ita ce mai tsirar da iri. Kowane tarko kuwa iri yake ci, iri daga tushen da bai kai 50 ba, wanda kuma ba kowace shekara suke yin fure ba, don haka duk kwanson da aka samu sai an raba shi uku: na ajiya a sanyi, na kwalba, da na komawa cikin laka.